Giwan Ruwa a Akwatin Labbo

Labbo kafinta ne a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, zamanin da garin ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Yana yin ƙofa da benci idan an matsa masa, amma akwati ne aikinsa. Wata shekara da Rima ta cika ta tumbatsa, kwalekwale ya kife da kayan wata mata a fadamar Zauro. Cikin kayan har da akwatin Labbo. Ya kwana a ruwa. Da aka tsamo shi aka buɗe, ko ɗankwali bai jiƙe ba. Tun daga ranar Labbo bai ƙara karɓar gyara daga bakin kowa ba. Idan mai saye ya tambaya ko akwatin na da ƙarko, sai ya ce, "Ruwa bai shiga, tururuwa ba ta shiga, iska ma sai ta yi sallama." Daga nan ya ci gaba da aikinsa.

Wata safiya, ana saura 'yan kwanaki bikin kamun kifi na Argungu, 'yarsa Riskuwa ta shigo rumfar aikinsa da faifai a hannu, an rufe shi da kallabi. Malamar firamare ce. A makarantar horon malamai ta koyo yankan takarda. Shi kuwa ba ya kiran ta da komai sai Malama, rabi girmamawa, rabi tsiya.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yaye kallabin.

Labbo ya ajiye zarto.

Takardu ne farare, an yanke da reza, an jera wata bayan wata. Ta gaba ciyawar bakin gulbi ce, kowane tsinke da kansa. Ta bayanta masunta ne sun faɗa ruwa, kowa da gorarsa da homarsa, wato ragar kamun kifi ta hannu, wani ya ɗaga hannu, wani sai kansa ake gani. Bayan su kuma mutum ɗaya tilo, ya rungume wani ƙaton kifi, bakin kifin a wangame. Can baya ga gaɓar ƙetare da giginyu da tsuntsaye. Ta ƙarshe ba a yanka ta ba, siririya ce kamar fatar albasa. Tsakanin kowace takarda da 'yar'uwarta an liƙa gutsattsarin totuwar kara da ƙaro, don kada su haɗu. Idan ka karkata kai, sai ka ga kamar za ka iya zura hannu ka taɓa ruwan.

"Mi na wanga?" in ji Labbo.

"Kaka na, Baba. Ranar da ya kama giwan ruwa."

Kakan da take nufi Dankure ne, mahaifin uwarta Hajaratu, tsohon masunci a Argungu. Babu wanda ya taɓa zama da shi bai ji labarin giwan ruwan nan ba. A Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi, ya kama shi yana saurayi, da hannu da homa, sai da ƙarti suka taru kafin a fid da shi tudu. Babu mai hoto a wurin ranar. Yanzu yanar ido ta rufe wa tsohon gani. Rana yake gani, da inuwar mutum idan ya gitta ta bakin ƙofa. Bara an kai shi bakin gulbi ya zauna yana jin ihu, bai ga komai ba, ya dawo bai ci tuwo ba. Bana ya ce ko an ɗauke shi ba za shi ba.

"So nike ya gani," in ji Riskuwa. "Ko sau guda. Amma in na ɗauke ta haka cikin mota, kafin mu kai ta zama gari. Gida nika so ka yi mata, mai zurfi, da gilashi a gaba."

Labbo ya matso. Ya sunkuya yana auna tsawo da faɗi da yatsunsa, ba tare da ya taɓa takarda ba.  Ya yi wa hotunan alhazai firam ba iyaka, amma duk a manne suke da gilashi kamar an taka su. Wannan kuwa akwati ne da za a duba cikinsa a ga gulbi.

"Sai dai Baba, bayan akwatin, in da hali a bar…"

"Malama."

"Na'am."

"Takarda taki ta. Katako nawa na. Na shiga ajinki na koya miki alli?"

Ta sunkuyar da kai. Ta sake buɗe baki, ya ɗaga zarto ya ɗora a kan katako. Ta tashi ta fita.

Ranar Labbo ya sallami mai ƙofa, ya sallami mai benci. Ya hau saman rumfa ya sauko da wani falankin maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ja wur, babu ido babu tsaga. Mutane da yawa sun nema ya hana. Ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya fere gefuna huɗu, ya haƙa musu hanyar da gilashi zai zauna. Ya je kasuwa da kansa ya tsaya a kan mai yankan gilashi, ya sa shi ya sake yanka har sai da ya yi masa. Da zai sa takardun ciki sai da ya wanke hannu kamar mai alwala, ya riƙe numfashi.

Suka zauna daram.

Saura baya. A nan Labbo ya zuba duk abin da ya sani. Ya yanko mafi kyawun wuri a falankin, ya shafe bakinsa da gam, ya danna, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi, ya gutsure kawunansu ya nutsar da su cikin katako. Ya cike ramukan da garin zarto. Ko shi da ya yi, da ƙyar yake gane inda suke. Sannan ya ɗora ƙarfe a wuta, ya ƙona alamarsa a tsakiya, 'yar gizago, wadda duk Nasarawa ta sani.

Ya ja baya ya duba. Ya ce a ransa, wannan ko Matan Fada ya faɗa, masuntan ciki ba za su jiƙe ba.

Ya naɗe shi da sabon zane, ya sa cikin buhu, ya ɗaure. Riskuwa ta roƙa ta gani.

"A Argungu," in ji shi.

Hajaratu ta riga su tafiya don ta taya gidansu aikin baƙi. Su kuwa suka bi akori-kurar Arzika ranar jajibirin biki. Motar ta cika da mutane da buhunan albasa da wata akuya. Arzika ya miƙo hannu zai jefa buhun Labbo saman kaya. Labbo ya janye kamar an kai masa wuta.

"Kai, Labbo! Ƙwai na ciki?"

"Tuƙinka za ka yi."

"Ko jinjiri ka samu ba mu ji suna ba?"

Mota ta kwashe da dariya. Labbo ya zauna gaba, ya ɗora buhun a cinya, ya rungume. Duk ramin da Arzika ya faɗa, sai Labbo ya ɗaga buhun sama, ya harare shi.

"Arzika, ramukkan ga kai ka gina su? Ko guda ba ka wucewa sai ka gaisa da shi."

"To sauka ka ɗauki motar bisa kai, tunda kai komi naka ba ya girgiza."

Wata tsohuwa daga baya ta ce don Allah a buɗe su gani, kada su mutu da tambaya. Labbo ya yi kamar bai ji ba. Amma gefen bakinsa na motsi. Tun Birnin Kebbi yake hango fuskar Dankure. Shekara da shekaru yana auren 'yar mutumin nan, bai taɓa jin ya yabi aikinsa ba. Ba ƙi ba ne. Tsakanin suruki da suruki babu doguwar magana. Labbo kan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya gaishe shi ido a ƙasa, ya koma zaure. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Argungu ta cika maƙil. Ko'ina goruna, manya kamar tukwane, an jingine a bango. Samari na gyaran homa a bakin hanya. Kiɗa ta nan, kiɗa ta can, ƙamshin soyayyen kifi ya cika gari. Sai bayan la'asar suka isa gidan Dankure.

Labbo ya tsaya a zaure kamar kullum. Ya kwance buhun, ya miƙa wa Riskuwa akwatin a naɗe.

"Riƙe da hannu biyu."

Ta karɓa. Yatsunta suka shafi bayan akwatin ta cikin zane, suka ji katako. Ta ɗago ta dube shi. Ta shige.

Akwai wata 'yar kafa a zanan da ya raba zaure da tsakar gida. Labbo bai taɓa leƙa ta ba. Ranar ya leƙa.

Dankure na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, dogo, busasshe, idanunsa fari-fari. Riskuwa ta durƙusa gabansa.

"Wa ka nan?" in ji tsohon.

"Matarka ta, wadda ka manta."

"A'aha! 'Yar boko! Ni na sake ki tun bara. Ba ki iya gashin kifi ba."

"Ni ma ban son miji marar haƙora. Tsaraba dai na kawo maka, don tausai."

Mata suka taru, Hajaratu a gaba. Riskuwa ta yaye zanen.

Guɗa ta tashi. Wata ta dafa ƙirji, wata ta kira maƙwabta ta kan katanga. "Ku zo ku ga gulbi cikin akwati!" "Wallahi ga homa nan!" "Ji kifi, ji baki!" Labbo a bayan zana ya ji kansa ya yi girma har yana neman taɓa rufin zaure.

Aka ɗora wa Dankure akwatin a cinya. Ya kawo fuskarsa dab da gilashi. Ya matsar da shi nesa. Ya karkata. Guɗa ta fara mutuwa. Tsohon ya shafa gilashin, ya shafa gefe, ya juya shi ya bi bayan da tafin hannu, a hankali, har ya tarar da alamar gizago.

"Wanga aikin Labbo na," in ji shi. "Sumul. Ba shi da baki ko guda. Mi aka ajewa ciki?"

"Kaka, duba dai. Kai na ciki, da giwan ruwanka."

Ya sake dubawa. Ya daɗe.

"Duhu nika gani, 'yar nan."

 Tsohon ya miƙo akwatin, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ba komi. Ku da ka gani, ku gani. Ku ba ni labari."

Riskuwa ta karɓa. Ta juya wajen uwarta, muryarta ƙasa-ƙasa, amma zana ba ya tare magana.

"Inna, don rana na yi shi. Takardar baya siririya ta. In rana ta bugo ta baya, komi zai fito baƙi bisa haske, irin yadda shika ganin mutum bakin ƙofa. Na gwada a tagar aji. Na so in faɗa ma Baba."

Labbo ya janye ido daga kafar zana.

Ya tsaya shi kaɗai a zaure. Wato abin da take son faɗa ke nan. Ya rufe akwati yadda ya saba, ruwa bai shiga, tururuwa ba ta shiga. Rana ma ba ta shiga.

Ya dubi ƙasa. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure ya yi tsawo, ya yi ja. Can cikin gida rana na dab da kan katangar yamma. Idan ta faɗa bayanta, sai gobe. Gobe kuwa gari duk yana bakin gulbi, tsohon zai wuni shi kaɗai da duhun da aka kawo masa tun daga Birnin Kebbi.

Bayan akwatin nan ba zai fita salin-alin ba. Shi ya san yadda ya sa shi. Sai an fasa.

Labbo ya tuɓe takalmi. Ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗaga zana, ya shiga tsakar gidan surukinsa.

Mata suka watse kamar kaji, masu jan mayafi na ja. Hajaratu ta riƙe baki. Labbo bai dubi kowa ba. Ya tsuguna nesa da tabarma, ya gaida tsohon a gaggauce, ya miƙa wa Riskuwa hannu.

"Kawo."

"Baba…"

"Kawo, Malama. Rana za ta faɗi."

Bai zo da kayan aiki ba. Ya waiga. A jikin rumfa an soke wani tsohon mashin kifi, bakinsa ya yi tsatsa.

"A ba ni wancan. Da dutsin niƙa, ɗan ƙaramin. Ke, ninka zanen ga huɗu, shimfiɗa."

"Mashina?" in ji Dankure. "Wa za a soka?"

Aka kawo mashin da dutsin. Labbo ya kifa akwatin a kan zane, gilashi a ƙasa. Ya durƙusa ya danne gefunan da gwiwoyinsa. Idan ya buga da ƙarfi, gilashi zai tafi. Idan mashin ya zarce, zai tsaga takardar baya. Ya bi katakon da yatsa yana neman inda ya binne ƙusoshi. Ya yi aikin da kyau ƙwarai, har shi ya ɓace masa. Ya yi tsaki.

Sai ya ɗora bakin mashin a tsakiya, daidai kan alamar gizago, inda jijiyar katako ta miƙe. Ya ce bismillahi. Ya buga.

Maɗaci bai ko motsa ba.

"Baba, rana ta taɓa katanga!"

Ya sake bugawa. Ya sake. Gumi na ɗiga daga gemunsa. A bugu na gaba katakon ya yi ƙara, tsaga ta tafi daga sama har ƙasa, ta raba 'yar gizagon biyu. Wata mata ta yi salati. Labbo ya karkata mashin, ya ɗaga a hankali, gam na ƙara, ƙusoshi na fita ɗaya bayan ɗaya. Ɓari guda ya fita. Ya sa yatsu ya fizge ɗayan, wata ƙusa ta yage masa babban yatsa. Ya tsotse jinin, ya goge hannu a riga, ya leƙa.

Takardar baya lafiya lau. Ya juya akwatin. Gilashi lafiya lau.

Ya miƙe. Rana ta rage rabi a kan katanga, kuma daga tabarma ba a samun ta sai an ɗaga hannu. Labbo ya zo gaban surukinsa, kusa yadda bai taɓa zuwa ba, ya ɗaga akwatin tsakanin fuskar tsohon da rana.

Akwatin ya kama kamar an kunna fitila a ciki. Takardar baya ta zama ruwan zinariya. Giginyu suka fito toka-toka, masunta suka fi su duhu, ciyawar gaba baƙa ƙirin. A tsakiya ga mutum ga kifi, baƙaƙe, gefensu kamar an zana da wuƙa.

Dankure ya ɗago kai. Ya ƙanƙance ido. Bakinsa ya buɗe.

"Tsaya. Tsaya nan. Kada ka motsa."

Labbo bai motsa ba.

"Gora ta wagga. Ga wata. Ga homa!" Yatsansa na bin gilashi. "Ga giginyun ƙetare, wallahi su na! Kai! Kai! Ga shi! Ga ɗan banzan nan, ya buɗe baki!"

Ya buga cinya. Ya yi wata irin kururuwa ta masunta, wadda gidan bai ji ba tun idonsa na gani. Mata suka saki guɗa gaba ɗaya, har mutane suka fara leƙowa ta zaure. Riskuwa na dariya, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Wanga ni na?"

"Kai na, Kaka."

"To wa ya ce miki haka nike da ƙaton kai? Kuma kifin ya fi haka. Kin rage shi. Wutsiyarshi har nan ta kai."

"In na ƙara shi, akwatin ba ya ɗaukar shi."

"Sai a yi babba! Ba ga kafinta ba?" Ya juyo da fararen idanunsa wajen inuwar da ke riƙe da akwatin. "Labbo."

Labbo ya kusa sakin akwatin. Bai taɓa jin sunansa a bakin mutumin nan ba, suna fuska da fuska.

"Na'am, Baba."

"Kai ka fasa shi?"

"Ni na."

"Katako mai kyau."

"Akwai wani," in ji Labbo. Babu wani, amma haka ya ce.

"Ɗaga sama kaɗan, tana gudu. Yawwa. Hau tabarma mana, ka tsaya can kamar baƙo."

Labbo ya taka tabarmar surukinsa. Rana na sauka, shi yana ƙara ɗaga hannu, tsohon na bin akwatin da fuska, yana ba da labarin tun daga farko: yadda ya nutsa, yadda ya ji abu ya buge shi a ƙirji, yadda ya zura hannu ta cikin kunnen kifin ya ƙi saki. Kowa a gidan ya san labarin. Ranar kowa ya saurara kamar sabo.

Kafaɗun Labbo suka fara zafi. Jini na bin yatsansa yana gangarowa cikin hannun riga. Riskuwa ta matso.

"Baba, kawo in karɓe ka."

"Bari."

Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya samo wa tsohon sauran hasken da ya rage. Idonsa na kan gefen akwatin, inda gam ya bar tabo. Ya riga ya ga yadda zai yi: siririyar hanya a kowane gefe, da murfi mai zamewa, a ja shi sama da rana, a mayar idan za a ajiye.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"In mun koma, ki zo rumfa. Ki faɗa mini yadda kika so bayan."

Dankure ya daki ƙafarsa da bayan hannu.

"Kai, bar magana, kana girgiza mini gulbi. Gobe da hantsi ta wane gefe rana ka fitowa? Can za a kai mini tabarma."